Wa ya auna ma'aunin hali?

A shekarar 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa 39 takardar tambayoyi, ya ce idan sun cike zai fitar wa kowa da bayanin halinsa. Bayan mako guda kowa ya karɓi tasa, aka ce ya ba ta maki daga sifili zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da shi. Da aka haɗa aka raba, makin ya kai 4.3. Ashe abu ɗaya malamin ya rubuta wa kowa, ya tsinto shi ne daga wani littafin duban taurari. Maganganu ne da ke hawa kan kowa: kana son a so ka, wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke. Masu duba sun daɗe suna cin abinci da wannan dabarar.

Don haka idan gwajin da ka yi a waya ya sa ka ce "wallahi ni ne sak", wannan jin daɗin ba hujja ba ce. Abin tambaya shi ne ko sakamakon zai tsaya idan aka sake gwajin, kuma ko yana iya hango abin da mutum zai aikata.

Awon hali da takarda ya fara ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da Robert Woodworth ya tsara wa sojin Amurka tambayoyin i ko a'a don a gane waɗanda ruwan bama-bamai zai iya zautarwa. A 1921 Hermann Rorschach na Suwizalan ya fito da katuna goma masu ɗigon tawada, a nuna wa mutum ya faɗi abin da ya gani. A shekarar ce kuma Carl Jung ya buga littafinsa kan nau'o'in mutane, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina gwajinsu a kai. Shi ne Myers-Briggs da kamfanoni ke rububi, mai kasa mutane gida 16. Matsalarsa yankan da yake yi: ko kai mai son shiga jama'a ne ko mai son kaɗaici, alhali yawancin mutane a tsakiya suke. Amsa ɗaya ko biyu ta canza, sai ka koma wani gida, shi ya sa da yawa ke samun wani sakamako bayan 'yan makonni.

Wanda masana suka fi amincewa da shi yau daga ƙamus ya taso. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus na Turanci suka zaro kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Masu bincike suka yi ta tace su da lissafi har suka tattaru a manyan rassa biyar: son sabon abu, tsare aiki da tsari, son cuɗanya, daɗin zama da mutane, da saurin shiga damuwa. A nan ba a sa ka a gida, ana nuna matsayinka ne a kowane reshe. Kuma yana hango wani abu: masu tsare aiki sukan fi yin kyau a makaranta da ofis. Sai dai hangen ba mai nisa ba ne. Tun 1968 Walter Mischel ya nuna cewa halin da ake ciki yana juya mutum fiye da yadda masu gwaji suke zato. Muna cewa hali zanen dutse, amma mutumin da ke ruri a kasuwa shi ne ke sunkuyar da kai gaban surukinsa.

A ganina nan ne babban giɓin yake. Ɗauki tambaya irin "nakan fara magana a taro". Saurayin da ya tashi a gidan da yaro ba ya tsoma baki gaban manya zai ce a'a, takarda ta rubuta shi mai gudun mutane, alhali da dare shi ke riƙe da hira a majalisa. Kunya ce da ladabi, biyu daga siffofi goma na mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa kan Hausawa a 1974. Ga kuma mai neman aiki, wanda ba zai taɓa amsa cewa shi malalaci ne ba. Wani gwajin hali mai suna MMPI, na 1943, ya tanadi tambayoyin kama masu gyara kansu, amma mutanen da aka fara ɗauka a matsayin mizaninsa fararen fata ne na jihar Minnesota, yawancinsu masu zuwa dubiya asibiti.

A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa suka kai gwajin rassa biyar wurin ƙabilar Tsimane ta Bolibiya, manoma kuma mafarauta, a cikin harshensu. Biyar ɗin ba su fito ba, biyu aka samu: kyautata wa jama'a da ƙwazon aiki. A Sin, Fanny Cheung da tawagarta sun tsara nasu gwajin suka gano wani reshe na kiyaye zumunci da mutuncin juna wanda biyar ɗin ba su kama ba. Masu bincike a Afirka ta Kudu kuwa komawa tushe suka yi: suka bi mutane cikin harsuna 11 na ƙasar suna cewa su siffanta iyayensu da abokansu da maƙwabtansu, daga bakin mutanen suka gina tambayoyin.