Auren Rajista: Abin da Ango da Amarya Za Su Tarar a Ofishin Gwamnati

Idan kaka ta yi a ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir, aka yanke gero, aka ɗaure dawa dami-dami, aka kai gyaɗa da wake kasuwa kuɗi suka shigo hannu, to, da wuya Jumma'a ko Asabar ta wuce ba a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan wani dattijo an ɗaura aure ba. Ga liman, ga waliyyin amarya, ga wakilin ango. A nema, a bayar, a karɓa, a ambaci sadaki lakadan ko ajalan, a yi Fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta, a raba goro da alawa a watse. A wannan yanki, inda gona ke manne da gona kuma ba a yin tafiyar rabin sa'a ba a tarar da wani ƙauye ba, jama'a su ne shaida, domin kafin la'asar babu wanda bai ji cewa wance 'yar wane ta zama matar wane ba, saboda haka kakanninmu ba su ga dalilin neman takarda ba.

Amma zamani ya kai 'ya'yanmu wuraren da ba a san kakanninsu ba. Wani ya sami gurbin karatu a Ingila, wani aiki ya kai shi ƙasashen Larabawa, wani kuma ma'aikatarsa ce ta ce ya kawo hujjar aure kafin a sa iyalinsa cikin lissafi. Sai wani abokinsa ya ba shi shawara, ya ce ai abu ne mai sauƙi, ya ɗauki matarsa su tafi rajista. Wannan shawara ce ta sa na ga ya wajaba a yi bayani, domin mutane da yawa suna ɗaukar rajista tamkar rubuta auren da liman ya riga ya ɗaura, alhali kuwa a shari'ar ƙasa wani ƙulli ne dabam mai zaman kansa, da sharuɗɗansa da hukunce-hukuncensa.

Asalinsa Dokar Aure ce ta shekarar 1914, shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, wadda Turawa suka tsara bisa al'adar ƙasarsu ta miji ɗaya da mata ɗaya, kuma har yau ita ake aiki da ita. Tsarin mulkin 1999 ya sa irin wannan aure a hannun gwamnatin tarayya, ya keɓe auren Musulunci da na gargajiya daga ciki, sa'an nan ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Wannan ne ya sa aka daɗe ana jayayya har gaban kotu tsakanin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da wasu ƙananan hukumomi kan wa ke da ikon ba da takardar. A nan Kano galibin masu yin auren rajista Kiristoci ne, na Sabon Gari da Hausawa Kiristoci na karkara, waɗanda dokar ta yi daidai da abin da addininsu ya koyar.

Ranar auren ba ta zuwa kwatsam. Da farko ɗaya daga cikin masu niyya zai je ya cika takardar sanarwa, a rubuta ta a littafi, a liƙa ta a ofis inda kowa zai gani, ta yi kwana 21. Hikimar haka ita ce a ba duk mai ƙorafi dama, ko uba ne wanda ake bukatar yardarsa, ko wata mata ce da ke da igiyar mutumin a kanta, ya zo ya shigar da ƙin amincewarsa, wanda kuwa in ya shiga sai babbar kotu ta duba shi kafin a ci gaba. Za a kuma yi rantsuwa a rubuce cewa ɗayansu ya zauna a gundumar aƙalla kwana 15, cewa babu muharramaka a tsakaninsu, cewa kowannensu ya kai shekara 21 ko kuwa ya zo da yardar mahaifi a rubuce, kuma cewa babu wanda ke da aure da wani dabam. In wata uku suka cika daga ranar sanarwa ba a yi auren ba, ta faɗi, sai a sake sabon lale.

To, ga ranar ta zo. Doka ta ƙayyade cewa a ofishin mai rajista ana yin auren ne tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu. Wanda ya saba da taron ɗaurin aure na ƙauye, inda mutane ke cika fili har su hau katanga, zai yi mamakin ƙanƙantar abin: ɗaki ne da tebur da kujeru, wasu ma'auratan na zaune a benci suna jiran layi ya zo kansu, ma'aikaci na duba takardu da hotuna, kuma in an shiga, da ƙyar al'amarin ke cin lokacin da mutum zai sha furarsa ya wanke ƙwarya. Babu huɗuba, babu ambaton sadaki, babu waliyyi a matsayinsa na waliyyi. Uban amarya in ya zo, ko dai shaida ne ko ɗan kallo.

Abin da ya fi kome baƙunta ga mutuniyar karkara shi ne cewa dole ta halarta da kanta. A al'adarmu, a sa'ar da ake ɗaura mata aure amarya tana can cikin gida a lulluɓe, ƙawaye na kewaye da ita, lalle na hannunta, sai guɗa ta sanar da ita an gama. Malamanmu ma sun ce shirun budurwa shi ne yardarta. A rajista kuwa shiru ba ya wadatarwa. Mai rajista zai dube su su biyu ya tambaye su, kai tsaye ko ta bakin tafinta, ko sun zo ne da nufin zama miji da mata, kuma wajibi ne kowannensu ya amsa da bakinsa. Daga nan sai ya karanta musu gargaɗi, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin duka, ko da yake sau da yawa ana karanta shi da Turanci cikin hanzari, hankalin ango yana wajen mai ɗaukar hoto. Ma'anar gargaɗin ita ce: wannan aure ya ƙullu ko da ba a yi wani biki na addini ba, ba ya warwarewa muddin suna raye sai da hukuncin kotu, kuma duk wanda ya ƙulla wani aure alhali wannan na nan, ya aikata laifi abin hukuntawa. Sa'an nan kowannensu ya kira mahalarta su shaida cewa ya karɓi ɗan'uwansa a matsayin miji ko mata, su sa hannu, shaidu su sa, mai rajista ya sa, a miƙa musu takarda ɗaya, a ajiye kwafinta a ofis. Zobe da furanni da yankan kek duk ƙawa ce, doka ba ta shar'anta su ba.

Yanzu sai mai karatu ya auna wannan da abin da aka karantar da mu a zaure cikin Risala da Muhtasar, cewa rukunan aure su ne waliyyi da sadaki, wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, da siga, da ma'aurata waɗanda babu abin da ya hana su auren juna, tare da shaidar adilai biyu. Auren rajista shi kaɗai bai cika waɗannan ba, don haka Musulmi ba ya wadatuwa da shi. Wanda kuma ya haɗa biyun, ya ɗaura a masallaci ya je ya maimaita a ofis da matar nan tasa, doka ba ta hana shi ba, sai dai ya ɗauko wa kansa hukunci biyu masu karo da juna. In ya ƙara aure, Dokar Aure ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5. In ya furta saki ko ya rubuta shi, a wurin malamai igiya ta tsinke kuma idda ta fara, amma a idon dokar ƙasa matarsa ce har sai Babbar Kotu ta raba su bisa dokar shari'o'in aure ta 1970, wadda galibi ba ta karɓar ƙarar rabuwa kafin aure ya shekara biyu sai da izini na musamman. Matar da ta gama idda ta yi sabon aure a ƙauyensu, ba tare da an warware na rajista ba, ta shiga matsalar da ba ta san da ita ba, kuma rigimar takan fito fili ne ranar rabon gado. Mai mata biyu kuwa da ya ɗauki ɗaya ya kai ta rajista a ɓoye, don ita ce za ta bi shi ƙasar waje, aurensa na ofis ɓatacce ne tun daga tushe, ga kuma rantsuwar ƙarya a wuyansa.

Kada a rikita auren rajista da auren gata da Hukumar Hisba ta Jihar Kano ke shiryawa tun 2012, wanda a watan Oktoba na 2023 aka ɗaura wa ma'aurata 1,800 daga ƙananan hukumomi 44. Gwamnati ce ke biyan sadaki da kayan ɗaki, amma auren na Musulunci ne, da waliyyi da siga. Haka nan gwajin lafiya kafin aure, na jinsin jini da ciwon hanta da ƙanjamau, wanda jihar ta mayar doka a 2024, sharaɗi ne na hukuma da ba ya canza nau'in auren.

Wanda bukatarsa hujja ce kawai, kotun shari'ar Musulunci tana ba da takardar shaidar aure bayan ta tabbatar an ɗaura shi, kuma ya kamata ya fara tambayar ofishin jakadanci ko ma'aikatar da ta nema wace irin takarda suke karɓa, kafin ya taka ƙofar rajista. Ita kuma wadda abin da ya ja hankalinta ga rajista shi ne gudun kishiya, fuƙaha'un Malikiyya sun yi magana a kan mas'alar tun ƙarnoni da suka shuɗe: sharaɗin kada miji ya ƙara aure makaruhi ne a wurinsu kuma ba ya lazimtarsa, sai fa in an rataya shi ga saki, ko miji ya mallaka wa matar al'amarin kanta in har ya ƙara, to, a nan ya lazimce shi, kuma alƙali zai yi hukunci da shi.