Saki da baki, haƙƙi da takarda: abin da ke jiran bazawara a Kirkissoye

Duk wanda ya daɗe a Kirkissoye ya san wannan kallo: amalanken jaki ɗauke da katifa da kwalla da ƙunshin tufafi, mace na biye da goyo a baya, wani yaron riƙe da gefen zanenta. Maƙwabta ba sa tambaya, sun riga sun gane. An ce mata "je ki gidanku", ta kwashe abin da ta iya kwashewa. Gidan nasu yana iya zama nan kusa a Karadje ko Saguia, yana iya zama hayin kogi, sai an ƙetare Gadar Kennedy.

Tambayoyin suna zuwa ne bayan kwana biyu, in hawaye ya tsaya. Auren ya mutu ne ko da sauran igiya? Wa zai ciyar da ita? Yaran na wane ne? In uban ya ƙi ba da ko dala, ina za a kai shi? A ƙasashe da yawa littafi ɗaya ake buɗewa a samu amsa. Senegal ta yi dokar iyali tun 1972, Mali ta yi tata a 2011. Nijar ba ta da irin wannan littafi har yau. An fara maganarsa tun zamanin Seyni Kountché, daftarin da aka kammala a farkon shekarun 1990 ya ci karo da adawar ƙungiyoyin addini, wanda aka sake kawowa a 2011 shi ma aka janye shi. Saboda haka amsar da mace za ta samu ta danganta da ƙofar da ta ƙwanƙwasa.

Ƙofofin uku ne. Akwai ta mai unguwa da liman, wadda ita ce ta kusa, kuma doka ta yarda wa sarakunan gargajiya su yi sulhu tsakanin mutanensu. Akwai Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda aka kafa a 1974, inda ma'aurata kan cika harabar ofishinta na Yamai, malamai suna sauraro, suna nasiha, in abu ya gagara su rubuta cewa an rabu. Sai kuma jastis, wato kotu. Kirkissoye tana cikin da'ira ta biyar ta birnin Yamai, wato Harobanda, kuma kowace da'ira da kotunta mai duba irin waɗannan ƙananan shari'o'i. Bambancin da ke tsakanin ƙofofin nan shi ne abin da mutane suka fi jahilta: mai unguwa da malaman ƙungiya sulhu suke yi, ba su da ikon tilasta wa kowa biyan kuɗi. Hukuncin alƙali ne kaɗai ake zartarwa ko mutum yana so ko ba ya so.

To, da wace doka alƙalin yake aiki? Tun dokar tsarin shari'a ta 1962, da wadda ta maye gurbinta a 2004, da ta 2018 da ake amfani da ita, ƙa'idar ba ta sauya ba: a sha'anin aure da saki da 'ya'ya da gado, al'adar masu shari'ar ake bi. Juju, kamar yadda ake kiran alƙali a bakin titi, ya yi karatun dokar Faransanci ne, don haka ake zaunar masa da dattawa biyu masana al'ada su ba shi shawara, shi kuma ya yanke. Al'adar nan a aikace cakuɗe take da fiƙihun Malikiyya, ta yadda wuya ne a ce ga inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara. Dokar 2004 ta ƙara wani sharaɗi mai nauyi, cewa al'ada ba za ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su ba. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta dace da unguwa irin Kirkissoye, inda Bazabarme ke auren Bafulatana, Bahaushe ke auren Bazabarma: in al'adun miji da mata sun saɓa a kan saki ko riƙon yara, al'adar matar ake bi muddin 'yar ƙasa ce. Maza da yawa a zauren kotu suke fara jin wannan.

Maganar saki kanta ba ta da sarƙaƙiya a wajen malamai. In miji ya furta cikin hankalinsa, ya auku, ko da shaidu ko babu. Matsalar tana wajen tabbatarwa. Miji ya yi saki da baki cikin fushi, ko ta waya, bayan wata biyar ya ji wani ya fito neman matar, sai ya ce shi bai taɓa saki ba, yaji ta yi. Ga mace nan a rataye, ba aure ba zawarci. Maganin wannan shi ne takardar shaidar saki da kotu ke bayarwa. Alƙali ba ya hana miji saki, ba ya kuma neman dalilinsa. Yakan gwada sulhu, in ya ƙi yiwuwa ya rubuta cewa sakin ya auku, ya kuma yi amfani da zaman wajen tsayar da maganar yara da ciyarwarsu. Wannan zama ɗaya ya fi wa mace amfani a kan kai-kawo goma tsakanin gidan surukai da gidan liman. Binciken da Cibiyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasar Denmark ta wallafa a 2014, tare da malaman shari'a na Jami'ar Abdou Moumouni da ke nan Harobanda, ya nuna cewa yawancin rabuwar aure a Nijar a wajen kotu take ƙarewa.

Idda ita ce haƙƙin farko da ake takewa, kuma sau da yawa da hannun matar da iyayenta. A Malikiyya tsarki uku ne ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ta daina, mai ciki kuwa sai ta haihu. In saki ɗaya ne ko biyu, wanda ake iya kome, ci da sha da wurin kwana duk suna kan miji, kuma a ɗakinta ya kamata ta zauna, kamar yadda Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni. In igiya uku ta tsinke, wurin zama ne ya rage a kansa, sai dai in tana da ciki, nan ciyarwa ta dawo har ta sauka. Amma amalanken jakin da aka gani ranar saki ya riga ya nuna yadda ake yi: a ranar take fita, nauyin ya koma kan mahaifinta.

Bayan idda fa? A nan ne masu kallon finafinan ƙasashen waje kan sha mamaki. Kuɗin da tsohon miji ke biyan tsohuwar matarsa wata-wata don kanta ba shi da gurbi a auren al'ada. Abin da fiƙihu ya sani shi ne mut'a, kyautar sallama gwargwadon ƙarfin miji, kuma Malikiyya ta ɗauke ta abin so, ba wajibi ba, shi ya sa alƙali ba ya tilasta ta. Waɗanda suka ɗaura aure a ƙarƙashin dokar farar hula da aka gada daga Faransa, su kaɗan ne, tsarinsu daban. A can babu saki da baki, sai kotu ta raba bisa laifi kamar zina ko duka ko cin mutunci mai tsanani, kuma wanda ba shi da laifi yana iya samun kuɗin ciyarwa da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ɗayan ke samu ba. Abin da bazawarar al'ada take fita da shi dai nata ne halak malak: sadakinta, kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, da duk abin da ta saya da guminta. Mijin da ya riƙe gado ko talabijin ɗin da ta zo da shi, ana iya ƙararsa.

In matar ce ta gaji, hanyoyi biyu ne, kuma a kan rikita su. Hul'i shi ne fansar kai: ta mayar da sadaki ko abin da suka daidaita, ya sake ta. Rigimar da ke biyo baya ita ce ta lissafi, domin wasu mazan sai su jero kuɗin akwati da goron ɗaurin aure da na kiɗan biki. Hanya ta biyu ita ce alƙali ya raba saboda cuta: duka, rashin ciyarwa, ko miji ya tafi biɗa Libiya ko Abijan ya yi shekaru ba aike ba labari. In an tabbatar da cuta, ba ta mayar da komai. Mata da yawa suna biyan hul'i a inda ya kamata su fita kyauta, don kawai ba su zo da shaidu ko takardar likita ba, ko kuma don sun ƙosa su rabu da ƙaya.

Sai babbar magana, wadda ta fi kowace ɗaci: yara.

A Yamai kusan kowa zai gaya maka cewa yaro yana wajen uwa har shekara bakwai, daga nan uba ya ɗauki abinsa. Ana faɗar haka kamar aya, har wasu iyaye maza suna ƙirga watanni. Amma wanda ya buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai daga Say har Zinder, ba zai ga shekara bakwai ba. A Malikiyya reno na uwa ne har yaro ya balaga, yarinya kuwa har ta yi aure ta tare. In uwa ta auri wani bare, renon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa uba, kaka ta wajen uwa ce a gaba, sannan 'yar'uwar uwa. Shekara bakwai ta fi kusa da maganar wasu mazhabobin, Hanafiyya da Shafi'iyya, a nan ƙasar kuwa al'ada ce ta ɗaure mata gindi, wadda ke cewa ɗa na ubansa ne. Abin lura shi ne a wannan gaɓa fiƙihun da mutanen Nijar suke bi ya fi al'adarsu sassauci ga uwa, kuma ba kasafai ake jin haka a wajen sulhu ba.

Alƙalai suna da wani ma'auni na uku. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, wadda ta sa maslahar yaro a gaba da komai. Don haka ko yaro ya wuce bakwai, kotu tana iya barinsa wajen uwa in ta ga uban matafiyi ne, ko zai jibge shi ne wajen kishiya, ko za a cire shi daga lakwal. Tana iya aika ma'aikatan jin daɗin jama'a su duba gidajen biyu. Tana kuma iya karɓe yaro daga uwa in an nuna sakaci. Wanda ba a ba shi riƙo ba yana da haƙƙin ziyara, kuma gara a sa a rubuta ranakun, hutun makaranta da salla, domin "ki zo duk lokacin da kike so" alkawari ne da ke mutuwa ranar da amarya ta tare.

Ciyar da yaro kuwa ba ta bin riƙo. Ko yana wajen uwa ko wajen kaka, abinci da tufafi da magani suna kan uba, namiji har ya balaga ya iya nema, mace har ta tare a gidan miji. Babu jadawalin da ya ce ga adadin da za a biya, alƙali ne ke kimantawa da abin da uban ke samu. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42 tun farkon 2024, kuma yawancin magidanta ba su da albashin ma, abin da ake yankewa ba ya da yawa. Manomin shinkafa a fadamar Kirkissoye ko ɗan kabu-kabu ba shi da takardar albashi da za a duba, sai abin da ya faɗa da abin da shaidu suka sani.

Samun hukunci wani abu ne, karɓar kuɗin wani abu daban. In uban ma'aikaci ne, hanya a buɗe take: dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka da Nijar take cikinta, sun ba da damar a riƙa cire kuɗin ciyarwa daga albashi tun kafin ya shiga hannunsa. Dokar hukunta laifuffuka kuma ta ɗauki ƙin biyan abin da kotu ta yanke a matsayin laifin yin watsi da iyali, wanda ke iya kai mutum gidan kaso. Sai dai mace nawa ce za ta iya sa a ɗaure uban 'ya'yanta ta ci gaba da zama a unguwa? Wasu ma da gangan suke yafe kuɗin, don tsoron kada neman ciyarwa ya tunzura shi ya zo ya kwashe yaran. Don magance irin wannan matsala, Tunisiya ta kafa asusu a 1993 wanda ke biyan uwa in uba ya ƙi, gwamnati ta bi shi bashi daga baya.

Mai son zuwa kotun Harobanda ba ta buƙatar lauya kafin ta shigar da ƙarar al'ada, da bakinta za ta yi bayani, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, akwai tafinta. Mai ƙaramin ƙarfi tana iya neman taimakon hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don ba da agajin shari'a, ko Ƙungiyar Mata Masana Shari'a ta Nijar. Abin da za a fara tambayarta shi ne takardar aure da takardun haihuwar yara. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar aure ko haihuwa, wanda ya wuce wa'adin sai ya nemi hukuncin kotu da shaidu kafin a yi masa takardar. A unguwar da ambaliyar 2012 da ta 2020 suka ci gidaje da abin da ke cikinsu, mata da yawa daga nan shari'arsu take farawa, a layin ofishin magajin gari, suna neman kwafin takardar da ruwa ya tafi da ita.