Yaya da Ƙanwa a Ɗakin Bincike: Labarin Matan Kimiyya na Khartum da Omdurman

A watan Fabrairun 2015, a birnin San Jose na ƙasar Amurka, aka kira mata biyar gaban taron masana aka ba kowacce lambar yabo ta gidauniyar Elsevier da dala 5,000. Uku ƴan Nijeriya ne, ɗaya daga Biyetnam, ɗaya daga Sudan. Daga cikinsu akwai biyu da muke so masu karatu su riƙe sunayensu: Dokta Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta shiga jami'a tana da shekara 29 da ƴaƴa a ɗaki, da Dokta Nashwa Isa ta Jami'ar Nilain ta Khartum, haifaffiyar Omdurman. Su biyun duka masanan fiziks ne, fannin da a gidajenmu ake cewa na maza ne.

Kan Nashwa za mu tsaya, domin abin da ta kafa ya fi lambar yabon nauyi a wurinmu. Ta gama digirin farko a Jami'ar Khartum a 2004, ta yi na biyu a Linkopin ta ƙasar Suwidin, sannan ta samu digirin digirgir a Afirka ta Kudu a 2012. Aikinta a kan ƙwayoyin sinadari ne masu ƙanƙantar da ido ba ya gani, waɗanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idan hasken rana ya bugi irin waɗannan ƙwayoyi, sai su tayar da wani aiki da ke wargaza dauɗa da ƙwayoyin cuta a cikin ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin jarkokin ruwa a kan amalanken jaki a unguwannin bayan Omdurman ba sai an yi masa bayanin amfanin wannan ba.

Shekara guda bayan ta samu digirin digirgir, a 2013, ta kafa Ƙungiyar Matan Sudan Masu Ilimin Kimiyya. Mai karatu zai iya tambaya, ina buƙatar ƙungiya a ƙasar da ƴan mata suka cika azuzuwan likitanci da harhaɗa magunguna? Amsar tana bayan digirin farko. Nan ne hanya take tsukewa. Daga 1990 aka mayar da yawancin koyarwar jami'o'in Sudan zuwa Larabci, alhali mujallun da ake buga sakamakon bincike da Turanci suke fita. Daga 1997 zuwa 2017 kuma takunkumin Amurka ya sa sayen na'urar ɗakin bincike ko biyan kuɗin mujalla ya zama jan aiki. Ga aure, ga goyo, ga tambayar da kowace uwa za ta yi: wa zai raka ta ƙasar waje? Ɗaliba mai ƙwazo takan tsaya a nan don ba ta san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba.

Abin da yaya take yi wa ƙanwa a irin wannan zama ba ya shiga jarida, amma shi ne jigon al'amarin. Ta karanta mata takardar neman tallafi ta ja layi a inda ta yi rauni. Ta gaya mata wane malami ne ke duba aikin ɗalibansa, wane ne ke barin su shekara biyu suna jiran sa hannu. Ta nuna mata cewa akwai ƙungiyar duniya ta mata masu kimiyya a ƙasashe masu tasowa, OWSD, mai hedikwata a Tiriyeste ta Italiya, wadda a 1998 ta fara ɗaukar nauyin karatun digirgir na mata da kuɗin gwamnatin Suwidin. Wani lokaci ma aikin bai wuce ta je gida ta gaishe da mahaifi ko maigida, ya ga da idonsa mace mai mutunci da ta bi hanyar ta dawo. Nashwa kanta daga baya ta zama mataimakiyar shugabar OWSD mai kula da ƙasashen Larabawa.

Ba daga sama wannan ya faɗo ba. A 1907 Malam Babikir Badri ya buɗe makarantar ƴan mata a gidansa na Rufa'a, a bakin Shuɗin Nilu, da ƴaƴansa da na maƙwabta. Ɗansa Yusuf Badri ya kafa kwalejin Ahfad ta mata zalla a Omdurman a 1966, ta zama cikakkiyar jami'a a 1995. Ma'anar sunan kuwa jikoki. Tsakanin uban da ɗan, a 1952, Khalida Zahir ƴar Omdurman da abokiyar karatunta Zaruhi Sarkisiyan suka fita daga makarantar likitanci ta Kitchener a matsayin likitoci mata na farko a Sudan. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tsari. Ƴan taru na Nana Asma'u a Sakkwato ai haka suke: jaji ta koyo, ta koma ƙauye ta koyar da na bayanta. Abin mamaki shi ne yadda muka bar shi a bakin ƙofar jami'a.

Sudan kuma ba nesa take da mu ba. Hanyar hajji ta ƙasa ta bar dubban Hausawa a can, garin Mai Wurno yana nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma shekaru da yawa iyaye daga Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram suna tura ƴaƴansu mata karatun likita a Khartum da Omdurman, saboda sun amince da tarbiyyar wurin.

Sai ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Jami'o'in babban birnin suka rufe, aka washe ɗakunan bincike. Cibiyar binciken cutar maisetoma da ke Soba, wadda Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa a 1991, duniya kuma take dogaro da ita kan wannan ciwo mai cin ƙafar manoma, ita ma ba ta tsira ba. Ɗalibanmu suka fito a motocin safa zuwa iyakar Masar da Bur Sudan, da yawa ba ko takardar shaidar darussan da suka ci. Wasu ɗaliban likitanci na Sudan sun samu mafaka a jami'o'in Ruwanda da Tanzaniya. Amma a ganinmu mai binciken digiri na biyu ko na uku ta fi kowa asara, domin ajin lacca ana iya mayar da shi kan intanet, samfurin da aka tara shekara uku a firiji kuwa, in wuta ta ɗauke, ya tafi ke nan. Abin da ya rage mata shi ne mutanen da suka san aikinta: wadda za ta rubuta mata wasiƙar shaida daga Alƙahira, wadda za ta nemo mata gurbi a ɗakin binciken wata ƙasa.

A watan Maris na 2025 sojoji suka sake karɓe Khartum, jami'o'i suka fara shirin komawa harabarsu. Daga cikin ƴan matanmu da suka dawo a 2023, wasu sun ƙarasa karatu a gida, wasu suna zaune a ɗaki da rabin digiri. A Jami'ar Bayero, da ta Ahmadu Bello, da ta Abdu Mumuni a Yamai, da ta Ɗan Dikko Ɗankuloɗo a Maraɗi, akwai malamai mata da suka bi wannan hanya har ƙarshe. Muna roƙon duk gidan da ke da irin wannan yarinya ya kai ta gaban ɗaya daga cikinsu, da duk takardar da ta tsira da ita, kafin a buɗe rajistar shekara mai zuwa.