Karatun Shugabanci Daga Bayan Kanta

 Shirinmu na musamman yau ya yada zango a Kasuwar Sabon Gari, wadda a takardun hukuma ake kira Kasuwar Abubakar Rimi, cikin ƙaramar hukumar Fagge.

Wanda duk ya ratsa layukanta bayan la'asar, sa'ad da ciniki ya lafa, 'yan dako suka jingine kurarsu suka nemi inuwa, ba zai rasa ganin saurayi a bayan kanta ba, ya toshe kunne, ya ƙura wa waya ido, janareton maƙwabci na ta ruri a gefensa. Galibinsu ƙwallo suke kallo, ba mu musa ba. Amma jefi-jefi akan sami wanda darasi yake ɗauka daga malamin da bai taɓa gani ba, yana neman digiri na biyu a fannin shugabancin ma'aikatu da ƙungiyoyi.

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne. Tun zamanin da aka yanki Sabon Gari a 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, har zuwa samun 'yancin kai, akawuna da malaman makaranta a Nijeriya sukan aika da amsoshinsu ta gidan waya zuwa makarantun Ingila irin su Wolsey Hall, su yi makonni suna dakon sakamako. Jami'ar karatu daga gida da Shehu Shagari ya kafa a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Yau kuwa intanet ta miƙa hanyar har Amurka, inda Jami'ar Gonzaga, wadda limaman Katolika suka kafa a garin Spokane a 1887, ta shahara da koyar da wannan fanni ga ɗaliban nesa, tana jaddada cewa shugaba hadimin jama'arsa ne.

Wataƙila wani ya yamutsa fuska, ya ce me ya kai ɗan Musulmi makarantar Fada? To, malamanmu tun da can sun rarrabe ilimin aƙida, wanda ake duba daga hannun wa za a ɗauka, da ilimin sana'a da tadbirin al'amura, wanda ake ɗauka duk inda aka same shi. Balle ma batun bai kasance sabo ga Kano ba, domin nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 ta umurce shi da ya naɗa wazirai da magatakarda da masu lissafi, ya kuma binciki ayyukansu, sa'an nan a Kanon nan Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami, da jama'arta suka roƙe shi.

Abin tambaya dai, me wannan karatu zai ƙara wa ɗan kasuwa? Tafiyar da mutane kam, ba a koya wa Sabon Gari. Maigida yakan ɗauki yaro tun bai san canji ba, ya fara da aike, ya kai ga tsaron shago, ya kai ga zuwa Ikko sarin kaya, ranar da amanarsa ta tabbata a sallame shi da jari; 'yan'uwanmu Ibo ma haka suke yi da nasu yaran, har da yarjejeniyar shekaru. Inda gizo ke saƙar shi ne, dukan wannan nizami a ƙirjin mutum ɗaya yake zaune. Shi ya san wanda ake bi da wanda ke bi, shi kaɗai ke riƙe da makullin sito, ba ya son a tambaye shi riba ko faɗuwa. Ranar da ta Allah ta kasance, a yi sadakar arba'in, a raba gado bisa shari'a, sai ka ga shagon da ya ciyar da gida talatin ya koma teburi uku, kowanne na neman bashi. Alhassan Ɗantata ya hango wannan, shi ya sa kafin rasuwarsa a 1955 ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su bar kamfaninsa ya watse, kuma ga zuriyar nan har yau ana jin ta.

Ƙungiyoyin kasuwar ma ba su tsira ba. Gobarar watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna cikin dare, ta nuna halin wanda duk lissafinsa ke cikin littafi ɗaya a aljihun tebur. Haka kuma dambarwar mai da masu sayar da magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, da ta kai ga rufe shaguna a 2024, ta nuna cewa shugaban 'yan kasuwa na yanzu, bayan kwarjini da iya sulhu, sai ya iya karanta doka, ya rubuta yarjejeniya, ya zauna da hukuma da hujja a hannu. A ganinmu, nan ne karatun ke da fa'ida: rubuta tsarin mulkin ƙungiya, raba aljihun maigida da na shago, da shirya magaji tun ana raye.

Sai dai a yi hattara. Littattafan Amurka ba su san adashi ba, ba su san bashin suruki da ba a iya tambaya ba, ɗalibi ne zai yi wannan ijtihadi da kansa. Ga kuma kuɗin makaranta da dala, alhali tun da aka saki naira a Yunin 2023 dalar ta ninka fiye da sau biyu. Wanda aljihunsa bai kai ba, Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar karatu daga nesa, Jami'ar Bayero kuma tana da makarantar kasuwanci mai sunan Ɗangote; kowacce mutum ya zaɓa, ta gida ko ta waje, ya fara tabbatar da cewa hukumar jami'o'i ta ƙasa ta yarda da takardarta kafin ya zuba ko kwabo.