Tunkiya Ɗaya Cikin Ɗari

Yara da yawa suna jin tsoron lissafin kashi cikin ɗari, gama alama kaɗai suke gani a allo. Iyaye, littafin hotuna na makarantar Lahadi ya isa ya kori wannan tsoro.

Ku buɗe hotunan Luka sura 15. Makiyayi yana da tumaki 100, ɗaya ta ɓace. Ku sa yaro ya zana su jeri goma goma, ya shafa wa ɗaya gawayi. Kashi 1 cikin ɗari ke nan. Macen nan mai kuɗin azurfa 10 ta ɓatar da ɗaya, wato kashi 10, daidai da zakar da muke bayarwa. Uba mai 'ya'ya biyu kuwa, da ƙaramin ya tafi, kashi 50 ya rasa. A nan yara sukan yi tsit.

Sa'an nan ku kawo zancen gida. A ce manomi a Zurmi ko Shinkafi ya ci bashin gero buhu 4 da damina, da kaka ya kai buhu 6 Ƙauran Namoda ya biya. Ku bar yaron ya zana buhunan da kansa, ya gaya wa babansa kashi nawa mai bashi ya ɗora.