Darakta ya tafi da shirin a kansa: horar da malaman jami'a da matsalar rashin rubutu

Tun daga 2008 asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda dokar 2011 ta mayar da shi TETFund, ya fara ɗaukar nauyin malamai su yi digiri na biyu da na digirgir a gida da waje. Kuɗin ya riƙa fitowa ne daga harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni, wanda ya tashi daga kashi 2 cikin ɗari na ribarsu har ya kai kashi 3 a 2023. Buƙatar kuwa a fili take, domin kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 ya gano cewa kusan kashi 43 cikin ɗari ne kawai na malaman jami'o'in gwamnati ke da digirin digirgir. Galibin muhawara ta tsaya ne a kan waɗanda aka tura waje suka ƙi dawowa, abin da ya haɗu da faɗuwar darajar naira har asusun ya dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025. Amma akwai asarar da ta fi wannan yawan faruwa, ba a kuma lissafa ta: duk lokacin da wanda ke riƙe da shirin horar da malamai ya bar kujerarsa, sanin yadda ake tafiyar da shirin yakan bi shi.

Tsarin jami'a ne da kansa yake haifar da wannan, ko da babu wanda ya yi hijira. Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar, shugabannin tsangayoyi da na sassa galibi shekara biyu-biyu, daraktocin cibiyoyi kuma naɗin shugaba ne, sabo yakan zo da nasa. Ga ritaya, ga hutun bincike, ga sababbin jami'o'i irin na Dutse, Dutsin-Ma da Kashere da aka kafa a 2011, da na Gusau, Gashuwa da Birnin Kebbi a 2013, waɗanda suka ɗebi gogaggun malamai daga Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022 ya ƙara tunzura wasu suka nemi gaba. Duk wannan da sauƙi da a ce takardar miƙa aiki tana ɗauke da abin da ya kamata. Wadda aka saba gani shafi biyu ce: kujeru nawa, na'urar sanyaya ɗaki nawa, janareta yana aiki ko ya mutu, nawa ya rage a asusu. Ba za ta faɗi dalilin da ya sa aka daina yin bita a makon gyaran takardun jarrabawa ba, ko wane mai horarwa ne ya iya, wane ne ya zo karɓar alawus kawai. Kayan koyarwar suna cikin kwamfutar tsohon darakta, wasiƙun masu ba da tallafi suna adireshinsa na imel, jerin mahalarta kuma yana wani zauren WhatsApp da shi kaɗai ke da ikon shigar da mutum.

Sakamakon shi ne ana tufka ana warwara. Sabon darakta yakan fara da bitar da aka riga aka yi, wato yadda ake rubuta neman tallafin bincike, ga mutanen da suka riga suka halarta, alhali ƙaramin malamin da aka ɗauka bara an tura shi ajin ɗalibai ɗaruruwa ba tare da an nuna masa yadda ake tsara tambayar jarrabawa ba. Illar da ta fi muni, a ganina, ta shafi adalci. Inda ba a rubuta ƙa'idar zaɓen wanda zai tafi ƙaro ilimi ba, ko aka rubuta amma ba a ajiye dalilin kowane hukunci ba, to magana takan koma wa ka sani, kuma ko an yi gaskiya ba mai iya kare ta. Haka nan bibiyar yarjejeniyar dawowa aiki bayan karatu takan yi wuya idan fayil ya ɓata tsakanin ofisoshi.

Wani zai ce maganar rubuta yadda ake aiki gyaran ganga ce, tushen matsalar albashi ne, a biya malamai da kyau su zauna. Gaskiya ne albashi na korar mutane, amma ko an ninka shi wa'adin shugaba ba zai wuce shekara biyar ba, farfesa kuma zai yi ritaya a shekara 70. Albashi a hannun gwamnati yake, rubuta yadda ake aiki kuwa a hannun jami'a.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce jami'a ta riga ta cika da takardu. Duk wanda ya ga shirin tarbar tawagar hukumar kula da jami'o'i ta NUC mai tantance kwasa-kwasai ya san yadda ake kwana ana haɗa fayil, da hotunan taro da rajistar sa hannu. Cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa tun 2014, irin ta nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama a Jami'ar Bayero, su ma sai sun nuna shaida a rubuce kafin a saki kuɗi. To amma waɗannan takardu don baƙo ake rubuta su, baƙo kuma nasara ake nuna masa. Magaji a kujera abin da ya lalace yake buƙatar sani: bitar da mutane suka watse bayan cin abinci, da tsarin haɗa babba da ƙaramin malami da ya mutu saboda manyan ba su da lokaci. Irin wannan ba ya buƙatar kundi mai kauri, shafi biyu bayan kowane aiki ya isa, muddin an rubuta shi kafin a manta. Sai dai ba wanda zai rubuta gazawarsa idan za a zare ta a yi masa bulala da ita ranar neman muƙami, saboda haka dole hukumar jami'a ta raba wannan rubutu da fayil ɗin ladabtarwa.

Akwai kuma masu cewa iya renon ƙaramin malami ba abin rubutawa ba ne, a zaune tare ake koyon sa. Na yarda da rabin maganar, shi ya sa ya kamata mai barin gado da mai hawa su yi aƙalla zangon karatu ɗaya tare. Ragowar kuwa ajiya ce, kuma wurinta ofishin magatakarda da ɗakin karatu, inda ma'aikata suka fi daɗewa, a adireshin imel na ofis ba na mutum ba. Tun da kwamitin ƙarin girma takardun da aka wallafa ya fi ƙirgawa, malami ba zai ɓata lokaci a kan littafin jagorar ofis ba sai an ba shi maki a kai, ko kuma a ƙi sa masa hannu a takardar sallama sai ya miƙa shi.