YADDA NIJERIYA TA KORI KAMFANIN BP SABODA AFIRKA TA KUDU

Duk mutumin Gaya ko Ajingi da ya saba shiga mota ya bi ta Wudil zuwa birnin Kano, ba zai rasa sanin gidajen mai masu harufan AP ba. Amma ba kowa ya san asalin waɗannan harufa ba. Dattawanmu, musamman tsofaffin ma'aikatan En'e da malaman makaranta, sun tuna zamanin da harufan suke BP, watau kamfanin man fetur na Ingila. Mun ga ya kamata mu ba da labarin yadda aka yi wannan canji, domin akwai abin lura a cikinsa.

A shekarar 1965 Turawan Rodeshiya, ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, suka yi wa Ingila tawaye a ƙarƙashin Ian Smith, don kada mulki ya koma hannun baƙar fata. Aka hana sayar musu da mai, amma motocin yaƙinsu ba su tsaya ba. Sai a 1978 wani bincike da Gwamnatin Ingila da kanta ta sa aka yi ya nuna cewa rassan kamfanonin Shell da BP sun yi shekaru suna bari mai yana isa can ta bayan gida. Ita kuwa Afirka ta Kudu, ban da wariyar launin fata a gida, ta tura soja cikin Angola a 1975. Wannan ne ya sa Janar Murtala Muhammad, mutumin Kano, ya goyi bayan ƙungiyar MPLA, bai saurari Amurka ba.

Talaka ma ya sa hannu. A 1976 aka kafa asusun taimakon kudancin Afirka, aka nemi ma'aikatan gwamnati su ba da kashi 2 cikin 100 na albashinsu. Ga akawu ko malami mai iyali, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu ya kai maƙura a 1979. Wani jirgin dakon mai da ake kira Kulu, mallakar mutanen Afirka ta Kudu, ya zo tashar Bonny ɗaukar mai da sunan BP, aka tsare shi. Ana cikin haka Uwargida Thatcher ta zama Firayim Ministar Ingila, aka ga alamar tana so ta amince da gwamnatin Bishop Muzorewa wadda Smith ke da hannu a cikinta. Ran 31 ga watan Yuli, ana gobe za a buɗe taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, Gwamnatin Janar Obasanjo ta ba da sanarwa ta karɓe hannun jarin BP duka, da na haƙar mai da na sayarwa. Daga baya aka biya kamfanin diyya, gidajen mai kuma aka sa musu suna African Petroleum.

To, don me aka kama BP aka bar Shell, alhali binciken ya ambace su duka biyu? A nan hikimar take. A lokacin Gwamnatin Ingila ce ke da fiye da rabin jarin BP, saboda haka wanda ya taɓa BP ya taɓa aljihunta. Shell kuwa shi ke riƙe da aikin haƙar, in an kore shi rijiyoyi za su tsaya, Nijeriya ta cuci kanta. A Lusaka Ingila ta yarda a kira taron sulhu a London, Zimbabuwe kuma ta sami 'yancin kai ran 18 ga Afrilu, 1980. Ba mu ce Nijeriya kaɗai ta yi wannan aiki ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasu masana tarihi ma sun ce neman mallakar arzikin mai yana cikin dalilan Gwamnati. Duk da haka Ingila ta ji a jikinta.

Irin wannan ya sāke faruwa a zamaninmu. Ran 24 ga Fabrairu, 2022, Rasha ta auka wa Yukiren. Kwana uku kacal, bayan matsin Gwamnatin Ingila da na jama'a, BP ya ce zai rabu da jarinsa na kusan kashi 20 cikin 100 a kamfanin Rosneft, Shell ma ya ce zai fita. Amma yaƙin bai tsaya saboda haka ba, domin Rasha ta sami masu saye a Indiya da Sin.

Wani zai ce, ina ruwan manomin gyaɗa na Ajingi da yaƙin Turai? Ruwansa shi ne taki da alkama sun yi tsada bayan wannan yaƙi, tun da Rasha na cikin manyan masu sayar da su a duniya. Manomin rani da ke zuba fetur a injin ban ruwa ya san cewa kasuwar mai ɗaya ce, daga Bonny har ƙofar gonarsa.

Abin da muka fahimta shi ne, kamfani ba ya barin ƙasa don tausayi. Yana fita ne in ya ga hasarar zama ta fi ta tafiya. Kuma matsi ba ya ci sai mai matsawa yana riƙe da abin da kamfanin ba ya iya rabuwa da shi, ya kuma yarda ya ɗauki tasa hasarar, kamar yadda ma'aikatanmu suka ɗauka a 1976.

Saboda haka muna roƙon malamai su gaya wa yaran makaranta wannan labari. Yaron Gaya ya san cewa maƙeran garinsu, Abagayawa, su aka ce sun fara zuwa Dala neman tama. Ya kyautu ya san kuma cewa kakanninsa sun taɓa rage albashinsu don mutanen da ba su taɓa gani ba. Allah ya kiyashe mu da fitinar yaƙi, amin.